Bashin Naira Biyu: Yadda Muka Bi Sawun 1903 Daga Yako Zuwa Birnin Kano

Duk wanda ya yi aji huɗu tare da mu a shekarar 1984 ba zai manta da maganar Naira biyu ba. A zangon farko na wannan shekara ne Malaminmu na Tarihi ya shigo aji da fara'arsa, ya ce ya samo mana izinin zuwa birnin Kano mu ga Dala da Gidan Makama da ganuwa, amma kowa sai ya kawo Naira biyu ta mai da abinci. Naira biyu a lokacin ba wasa ba ce ga ɗan talaka. Ni dai sai da mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta sayar da zakara. Muka biya, muka wanke fararen kayanmu, muka kwana muna ɗoki. Da gari ya waye aka ce motar makaranta ta ƙi tashi. Aka ɗaga zuwa mako mai zuwa, daga nan zuwa zango mai zuwa, har muka yi jarrabawar fita a 1985 muka watse, motar tana nan kan duwatsu bayan ɗakin cin abinci, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta.

A taronmu na ƙarshen 2023 wani ya tsokano maganar cikin raha, ya ce har yanzu yana bin Malam bashi. Aka yi dariya. Malam bai yi ba. Ya ce shi ma abin yana ransa shekara arba'in ba ɗaya, kuma in za mu samo mota, shi zai yi mana jagora ko da a kan sanda ne. Sharaɗinsa guda: shi zai zaɓi rana, shi kuma zai zaɓi hanya. Ya zaɓi Asabar, 3 ga Fabrairu, 2024. Ba mu gane dalili ba sai da muka hau hanya.

Na san wani zai ce, to mene ne abin labari a zuwa Kano? Wane ne a cikinmu bai je ba? Gaskiya ne. Akwai masu zuwa Kantin Kwari duk mako, akwai waɗanda suka yi aikin gwamnati a can har suka yi ritaya, ni kaina na fi shekara ashirin ina ratsa Ƙofar Nasarawa. Amma da Malam ya ce wanda ya taɓa hawa Dala ya ɗaga hannu, hannu huɗu na ƙirga cikin mutum 27. Mu mutanen kudancin Kano birni wurin biyan buƙata ne a gare mu: asibiti, kasuwa, sakatariya, kotu. Mu shiga da safe, mu yi ta duba agogo kada dare ya yi mana a hanya.

Mun taru a Yako bayan sallar asuba, ana hazo da sanyi mai shiga ƙashi. Mutanen Doguwa da Tudun Wada tun jiya suka iso suka kwana wurin 'yan'uwa. Ma'aji ya sha fama kafin ya samo bas, domin tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin shatar mota ya zama abin da ya zama. Aka zaunar da Malam a kujerar gaba, aka ba shi ƙaramar lasifika. Idanunsa sun yi rauni ƙwarai, ba ya ganin abin da ya wuce tsawon hannunsa, sai ya ce da direba duk garin da aka iso a faɗa masa. Muryar kuwa tana nan yadda kuka san ta. Da ya ce "Yara, a natsu," sai ka ga Alhazai masu furfura da jikoki sun gyara zama.

Kafin mota ta tashi ya nuna wajen layin dogo da sandarsa, ya ce mu fara da abin da ke ƙofar gidanmu. Wannan layi da muka taso muna jin kukan jirginsa ya isa Kano a 1911, shekara takwas kacal bayan abin da za mu je gani. Ya ce mu riƙe wannan lissafi a ka, za mu dawo kansa.

Sannan ya faɗa mana dalilin ranar. Ranar 29 ga Janairu, 1903, Kanar Morland ya fito daga Zariya da sojoji baƙar fata sama da 700, da hafsoshi Turawa 'yan ƙalilan, da igwa huɗu da bindiga mai ruwa huɗu, ya nufo Kano. Hujjar da Gwamna Lugga ya bayar ita ce, Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloni a watan Oktoban 1902, ya gudo Kano, Sarki Alu kuma ya karɓe shi hannu biyu-biyu. Malam ya ce hujja dai hujja ce, amma ko da Magaji ko babu Magaji, wanda ya riga ya ci Bida da Kwantagora da Yola da Bauci, ya kuma girke soja a Zariya, ba zai tsaya yana kallon Kano daga nesa ba. Rundunar ta ratso ta wannan ƙasa tamu ce. Ranar 3 ga Fabrairu ta shiga birni. Wato ranar tafiyarmu shekara 121 ke nan cif.

Zangonmu na farko Bebeji. A nan muka fi daɗewa fiye da yadda aka tsara, kuma ban yi nadama ba. Yawancinmu mun san Bebeji a matsayin hedikwatar ƙaramar hukuma, wurin da ake zuwa neman takardar shaidar ɗan ƙasa. Malam ya sa aka tsaya a bakin gari, muka fito muka kewaye shi, ya ce mu manta da wannan. A ƙarni na 19 Bebeji babban birni ne mai ganuwa a kan hanyar fatake tsakanin Kano da Zazzau. Baturen nan matafiyi Kilafaton ya bi ta nan a 1826, ya ƙiyasta mutanen garin tsakanin 20,000 da 25,000. Tsohon masallacin garin na zamanin Haɓe yana cikin jerin kayan tarihin da gwamnatin tarayya ta yi wa rajista. A nan kuma aka haifi Alhasan Ɗantata a 1877, cikin zuriyar Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja.

Ranar 1 ga Fabrairu, 1903, Morland ya iso ƙofar Bebeji ya tarar da ita a rufe. Kyaftin Abadi, Razdan na Zariya, wanda Hausawa suka laƙaba wa Mai Jimina, ya matsa ya nemi a buɗe. Aka ƙi. Sarkin Kano ya riga ya ba da umarni a gyara ganuwar garuruwa a kuma tsare su, Sarkin Bebeji kuwa ba shi da izinin buɗe wa kowa. Sai aka juyo igwa. Harsashi ya fasa ƙofar, ya kashe Sarkin da wasu manyansa da ke tsaye a bayanta, soja suka afka. Kafin rana ta yi nisa an gama. Garuruwan da ke gaba da suka ji abin da ya sami Bebeji, babu wanda ya sake tare hanya har bakin kogin Calawa.

Ina tsaye ina jin wannan sai wani abu ya tokare ni a ƙirji. A jarrabawar fita mun rubuta shafi-shafi a kan yadda aka ci Kano da Sakkwato, mun haddace Burmi da ranarta, 27 ga Yuli, 1903. Amma jinin farko da aka zubar a ƙasar Kano a wannan yaƙi, a nan ƙofar gidanmu aka zubar da shi, kuma littafin da muka karanta layi ɗaya ya ba shi, in ma ya ba shi. Wani abokinmu ɗan garin ya ce kakarsa takan yi lissafin shekarunta da "zuwan Nasara", amma bai taɓa zama ya tambaye ta me ta gani ba. Ta rasu yana aji biyu. Malam ya ce, "Ka ga littafin da ya fi nawa, ka bari ya rufe."

Aka tambayi Malam, shin Sarkin Bebeji jarumta ya yi ko ganganci? Ya ce mu ne yanzu manya, mu yanke. Ni ra'ayina, mutumin da aka ba amanar ƙofa, bai taɓa ganin igwa irin wannan ba, kuma duk abin da ya sani na yaƙi ya nuna masa ganuwa tana tsare gari, ba za a kira shi mai ganganci ba. Kakanninsa da wannan dabara suka tsira. Kusan rabin ƙarni Ningawa suna kawo hari kudancin Kano, ta wajen Tudun Wada da Rano da Sumaila, tun zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi wanda ya yi mulki daga 1855 zuwa 1882, kuma abin da ya ceci mutane shi ne su shige bayan ganuwa su rufe ƙofa har mahara su gaji. Shi ya sa ƙasarmu ta cika da garuruwa masu suna Kafin wane da Garun wane. Abin da ya saba yi ya yi, sai dai wannan karon baƙon daban ne.

Daga Bebeji muka koma babban titi. Hanya ta yi kyau da kallo, ga tumatir da alkama kore shar ko'ina a tsakiyar rani, albarkacin madatsar ruwa ta Tiga da aka gina tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Muka wuce Ciromawa. A Kura Malam ya ce a rage gudu, ya tuna mana cewa turkuɗin da Buzaye ke naɗawa har cikin Sahara, mai sheƙi yana bar wa fata shuni, na marinar wannan gari ne ya fi suna. A gadar Tamburawa ya ce a bakin ruwan Calawa rundunar ta kwana ranar 2 ga wata. Tafiyar da ta ci musu kwana shida daga Zariya, yau direba mai sauri yakan yi ta kafin shayi ya huce a fulas.

Ba mu shiga ta hanyar da muka saba ba. Malam ya sa muka bi titin tsohuwar Jami'ar Bayero, ganuwa tana hannun damanmu, ko in ce abin da ya rage nata. Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ta, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, Muhammadu Nazaki ya ƙara a ƙarni na 17. Lugga da ya gan ta a 1903 ya rubuta wa magabatansa cewa bai taɓa ganin irinta a Afirka ba. Tsayinta a wasu wurare ya kai ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta wajen ƙafa 40, ga gwalalo mai zurfi cike da ƙaya a gabanta. Da safiyar 3 ga Fabrairu igwa ta yi ta dukan wajen Ƙofar Dukawuya, ƙasa tana haɗiye harsashi kamar an jefa tsakuwa a tulin gero. Sai suka zagaya Ƙofar Kabuga, a nan suka sami sa'a suka fasa, suka shiga.

Sarki Alu ba ya gari. Tun farkon Janairu ya tafi Sakkwato da manyan hakimansa da dawakai masu yawa don yin mubaya'a ga sabon Sarkin Musulmi Attahiru. Sarkin Shanu, bawan sarki da aka bar wa tsaron gari, ya ja da baya zuwa fada da 'yan mutanensa, a nan ya yi yaƙi har aka kashe shi. Bisa ƙiyasin Turawan kansu Kanawa wajen 300 suka mutu, a ɓangarensu kuwa mutum 14 ne suka ji rauni. Sauran labarin kun san shi: Alu ya rabu da rundunarsa da dare a hanyar dawowa, aka kama shi a ƙasar Gobir, ya ƙare rayuwarsa a Lakwaja a 1926; Waziri Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi; Wambai Abbas ya dawo da sauran jama'a, aka naɗa shi sarki a watan Afrilu.

A Kabuga ne abin da ba zan manta ba ya faru. Malam ya ce a kama hannunsa a kai shi ya dafa ganuwa. Ya ce rabonsa da wurin tun yana ɗalibi, lokacin da sukan hau badala su zauna su yi karatu da yamma. Muka fito da shi cikin ƙarar motoci da 'yan adaidaita sahu, ga hanyar mota ta ƙarƙashin ƙasa, ga shaguna, ga ƙofa ta siminti. Muka yi ta waige-waige. Muka kalli juna, an rasa wanda zai faɗa masa. Daga ƙarshe sai da muka taka da shi 'yar tafiya kafin muka sami wani tudun jar ƙasa da ruwa ya zaizaye, an zuba shara a gindinsa, awaki suna kai. Ya dafa, ya murza ƙasar a yatsunsa, ya ce, "Ita ce." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Igwa ba ta iya da ita ba." Bai ƙara komai ba, mu ma ba mu ƙara ba.

Ba na son in mai da wannan shafi wurin zargi, don abin ya fi ƙarfin gwamnati guda ko zamani guda. Ganuwar ƙasa sai da yaɓe duk shekara, kuma da can aikin gayya ne da sarki ke rabawa unguwa-unguwa da gari-gari. Da tsoron hari ya kau, dalilin yaɓen ya kau. Masu gini suka riƙa ɗibar ƙasarta, birni ya cika ya tumbatsa, aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi aka sake gina wata. Tun 2007 ganuwar take cikin jerin wuraren da Nijeriya ta miƙa wa hukumar UNESCO tana neman a sa su cikin kayan tarihin duniya. Amma kafin mu nuna birni da yatsa, kowa ya tambayi kansa ina ganuwar garinsu. Ta garinmu dai na san inda ta tafi, domin da ƙasarta aka yi ɗakin da aka haife ni.

A Gidan Makama wani matashi ma'aikacin gidan ya karɓe mu, ya zagaya da mu ɗaki-ɗaki. Yaron ya san aikinsa, kuma da ya fahimci wane ne tsohon da ke tare da mu sai ya riƙa faɗi yana waiwayensa, kamar mai ba da hadda. Ana cewa an gina gidan ne a ƙarni na 15 domin Rumfa tun kafin ya hau gadon sarauta a 1463. Ginin kansa abin kallo ne, bakan gizo da azara da kaurin bango, waje ana rana ciki kamar an sa fanka. Muka ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, muka ga sulke da kwalkwali da lifidi, waɗanda Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji ne ya fara kawo su wajen ƙarshen ƙarni na 14. Muka ga hotunan dalar gyaɗa. A nan Malam ya dawo da mu kan lissafin safe. Turawa sun shimfiɗa dogo suna sa ran auduga don masaƙun Ingila, sai manoman Kano suka duba suka ga gyaɗa ta fi riba, kuma ko ba a saya ba a ci. Daga 1912 gyaɗa ta mamaye tashar Kano. Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan ciniki har ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arzikin Afirka ta Yamma, shi ne yaron nan da aka haifa a Bebeji, garin da igwa ta fara fasawa.

Da aka zo kan jihadi, ɗan jagoran ya ce Sarki Alwali, na ƙarshe a sarakunan Haɓe, ya gudu bayan an ci shi da yaƙi a Ɗanyaya, aka kashe shi wajen 1807. Malam ya ce, "A ina?" Yaron ya ce, "A Burumburum, Allah gafarta Malam." Sai Malam ya juyo ya ce, "Ina mutanen Tudun Wada? Kun ji. Sarautar da aka ce ta faro daga Bagauda a 999, a ƙasarku ta ƙare." Ɗaya daga cikinsu ya rantse ya fi sau ɗari yana cin kasuwa a wannan gari bai taɓa ji ba.

Bayan azahar a babban masallacin da ke jikin fada, muka ci abinci, muka leƙa marinar Ƙofar Mata, inda aka rubuta 1498 a bakin shiga. Rijiyoyin rini da yawa sun bushe, 'yan kaɗan ake aiki da su, har yanzu da baba da toka yadda aka gada. Muka sayi abin da za mu kai wa iyali. Daga nan muka kutsa Kasuwar Kurmi, wadda ita ma Rumfa ya kafa, kuma a can ne tafiyar ta ɗauki wani salo da ba mu shirya masa ba.

Tun daga Bebeji yawancinmu magana guda muke yi: an ci mu da yaƙi, an zalunce mu. Akwai wani abokinmu daga can ƙasar Doguwa, kun san shi, mai yawan shiru tun muna yara, ya yi aikin asibiti har ya yi ritaya. Muna cikin lungunan kasuwar ɗan kasuwa ya nuna mana wajen da aka ce nan ake tsare bayi kafin a sayar, sai ya tsaya ya ƙi gaba. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ina da magana. Tun safe ake cewa mu, mu. Kakar mahaifina tana yarinya mahara suka ɗauke ta a gona a gindin duwatsunmu. A birnin nan aka sayar da ita. Ta yi shekaru a rinjin wani mai sarauta, sai bayan zuwan Turawa ta sami hanya ta gudo gida da ƙafa, da ɗa a bayanta. Wannan ɗan shi ne kakana. In da ƙofar Kabuga ba ta fashe ba, ban san inda zan kasance yau ba."

Wuri ya yi tsit. Wani ya fara cewa ai Turawan ma ba don Allah suka yi ba, Malam ya ɗaga hannu. Ya ce duka biyun gaskiya ne, kuma wanda ya ɗauki ɗaya ya yar da ɗaya bai karanta tarihi ba. Gaskiya ne an rufe kasuwar bayi ta Kano da shigowar Turawa, an hana hari, an kuma yi doka cewa duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu, 1901 ɗa ne. Gaskiya ne kuma Lugga bai 'yanta bayin da ya tarar ba, don yana tsoron gonakin masu sarauta su mutu, su kuwa da su yake son ya yi mulki. Aka bar bawa ya fanshi kansa ta hanyar murgu, waɗanda suka gudu sau da yawa aka hana su gona, ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Ya ƙara da cewa mu tuna sojan da suka harba igwar nan a Bebeji, da yawansu Hausa suke ji, wasunsu ma bayi ne da suka tsere suka shiga soja.

Na yi shekara biyar ina kwana ɗaki ɗaya da wannan bawan Allah, mun ci tuwo a kwano ɗaya, mun sha bulala tare, ban taɓa jin wannan labari ba. Da na tambaye shi daga baya me ya hana shi faɗa, ya ce a makarantar kwana wa zai ba abokan tsokana irin wannan makami? Ya yi gaskiya, na san bakinmu a lokacin. Shi ya ba ni izinin in rubuta, ya ce jikokinsa ma yanzu ya fara gaya musu.

Dala muka bari ƙarshe, da la'asar sakaliya. Gwiwoyi suka fara tona asirin shekaru, wasu suka tsaya a rabi suna cewa waya suke amsawa. Malam ya zauna a ƙasa cikin mota, ya ce shi ya hau nasa tuntuni. Masu binciken ƙasa sun sami alamar maƙera da narkar da tama a wannan dutse tun wajen ƙarni na 7, kafin Barbushe da Tsumburbura da duk abin da aka rubuta. Daga sama hazo ya rufe nesa, amma ana ganin hasumiyoyin masallaci da Goron Dutse, da rufin kwano iya ganinka. Na nemi layin ganuwa in ga inda tsohon birni ya tsaya, ban iya raba shi da sauran gari ba. Na juya kudu, wajen gida, na daɗe ina kallo duk da ba a ganin komai.

A hanyar dawowa, mun wuce Kura duhu ya fara, Malam ya laluba aljihun babbar rigarsa ya fito da wata takarda da ta yi ja don tsufa, an naɗe ta cikin leda. Takardar sunayen waɗanda suka biya Naira biyu ce, da rubutun hannunsa. Ya ce kuɗin tun a lokacin ya miƙa su ofis, takardar ce kawai ta rage a hannunsa, kuma duk inda aka yi masa canjin wurin aiki da ita yake tafiya. Ya ba ni ya ce in kira suna, tun da ni ne monita. Direba ya kunna fitilar ciki. Na fara kira, ana amsawa "Na'am" ana dariya, har na zo kan sunan farko da ba a amsa ba. Wani daga baya ya ce, "Allah ya jiƙansa." Daga nan dariya ta ɗauke.

Suna 41 ne a takardar. Mutum 27 suka amsa. Tara sun riga mu gidan gaskiya, muka yi musu addu'a a nan cikin mota, Malam ya shafa. Saura biyar babu wanda ya san inda suke. An ce ɗaya yana Legas tun shekarun 1990, ɗaya kuma an taɓa ganinsa a Kamaru. Takardar tana wurin Sakatare, ya kuma ce zai karanta sunayen biyar ɗin a taro mai zuwa, don wanda ya san labarin wani daga cikinsu ya taimaka. Malam ya ce tafiya ta gaba Burumburum da Rano, kuma wannan karon kowa ya zo da littafin rubutu da biro, domin akwai tsofaffin da za mu zauna da su. Ma'aji ya roƙi in sanar cewa mutum shida ba su cika kuɗin motar Kano ba har yanzu.